Wace na'urar auna atin ya kamata ma'aikata ta saya?

Duk ma'aikatar da ke da tiransifoma da janareta, a Sharada take ko Bompai ko Challawa, tana bukatar na'urar auna atin (haɗin da ke kai wutar da ta zube zuwa cikin ƙasa) tata ta kanta. Jiran ɗan kwangila ya zo da tasa sau ɗaya a shekara bai isa ba, don ƙasar Kano tana bushewa ƙayau da rani, kuma ramin da aka kafa sandar atin a ciki da ya ba da awon ohm 4 a watan Agusta zai iya haurawa nesa da haka a Maris. Galibin injiniyoyi suna son ganin ohm 5 ko ƙasa da haka a ma'aikata. A auna da damina, a sake aunawa a tsakiyar rani, na ranin shi ne abin dogaro.

Ni dai Kyoritsu 4105A nake ba mutane shawara. 'Yar Japan ce, ƙananan batir shida (AA) take ci, tana auna har ohm 2000, kuma wutar gwajinta kaɗan ce ƙwarai, don haka ba ta kashe birekar kariya ana tsakiyar aiki. Tana zuwa da turaku biyu da wayoyi uku: koriya ta sandar atin, rawaya mai mita 10, ja mai mita 20. Ka cire haɗin sandar, ka kafa turakun a layi ɗaya, ka fara duba ko akwai wutar da ke yawo a ƙasa, sannan ka danna maɓallin gwaji. Yaron da ya shekara a sashen lantarki zai koya da hantsi ɗaya. In filin duk siminti ne, a kwantar da turakun a rufe su da jiƙaƙƙen tsumma, amma ban da kan kwalta. Rauninta gajeruwar waya. Babbar ragar atin ta tiransifoma tana son tazara mai yawa, a sa turken tsakiya a kusan kashi 62 cikin 100 na nisan da ke tsakanin ragar da turken ƙarshe, sai an ƙaro waya.

Megger DET4TC2 ta fi ta iyawa, har yadda ƙasar wurin ke karɓar wuta take aunawa da turaku huɗu, amma kuɗinta na mai aikin kwangila ne. Fluke 1625-2 ma haka, tsada kamar me. Masu kama waya kamar hantsaki, irin Fluke 1630-2, ba sa ba da sahihin awo a kan sandar da ke tsaye ita kaɗai.

Abin da ya fi cin raina shi ne jabu. An cika kasuwa da masu kama da Kyoritsu, launi ɗaya, jaka ɗaya. Ka je da resista (ɗan ƙaramin kayan lantarki da aka san awonsa) mai ohm 10 a aljihu, ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya. Ka nemi takardar saiti, wato shaidar an gwada daidaiton awonta, ka tabbata lambar da ke jikinta ita ce a bayan na'urar. In ya ce "Alhaji, ai sabuwa ce a kwali", ka kama gabanka.

Sandar atin ma haka. Ta gaskiya ƙarfe ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe mai kaurin kusan maikiron 250, wato kwatan milimita. Ta jabu wanke ta kawai aka yi, ka goga mata zarto sau biyu farin ƙarfe ya bayyana, damina biyu tsatsa ta cinye ta. Maganaɗisu ba zai raba maka su ba, duka biyun yana kamawa. Wani ɗan kwangila ya taɓa kafa mana irinta, ya kwarara ruwan gishiri a ramin da asuba, ya nuna mana awo mai kyau, ya karɓi kuɗinsa. Da rani ya kama, jikin injin niƙa ya riƙa jan ma'aikata. Yanzu ba na sa hannu a takardar biya sai ramin ya bushe, na auna da tamu na'urar, na rubuta rana da adadin a littafin sashe.