GARGAƊI: Mai tallan tayar 3D ya cinye min N135,500, ku kiyaye shi

Assalamu alaikum jama'a, musamman masu ƙera ƙananan motoci da jirage da hannu. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na Facebook da WhatsApp yana tallan wai yana fitar da taya da rim da na'urar 3D, wato injin da ke ƙera abu da roba daga zanen kwamfuta, kuma yana kawo farantan roba da siraran sandunan tagulla daga China. Ɗan damfara ne. Ya cinye min N135,500. A biya uku na tura masa: 85,000, sai 32,000, sai 18,500. Ban rubuta sunansa ba saboda na riga na kai ƙara, an ce in dakata tukuna, kuma sunan nasa ma ba ɗaya ba ne. Amma duk hirarmu tana wayata, da rasidan tiransifa uku, da saƙonnin muryarsa. Zan ɗora sikirinshot da daddare in sha Allahu, bayan na rufe lambobi.

Tun jiya da na faɗi maganar a gida ake ce min wai ta yaya babba da ni zan tura wa wanda ban taɓa gani ba dubu 85. To ku tsaya ku ji yadda aka yi, sannan ku yanke min hukunci.

Waɗanda suka san ni sun san abin da nake haɗawa: jif ɗin sojan Amurka na yaƙin duniya na biyu, Willys MB, a ma'aunin 1:10, wato kowane awo kashi ɗaya cikin goma na motar gaskiya. Ba kayan haɗi na saya a kwali ba, daga sifili na faro, da awo da zane. Motar gaskiya tsawonta mita 3 da santimita 36 ne ko kusa da haka, don haka tawa ta kama santimita 33 da ɗoriya. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 80 ne, wato santimita 203, a tawa ya zama 20.3, kuma ko milimita ɗaya ban yarda ta kauce ba. Bodin da tsohon farantin alminiyon na gidan ɗab'i na yi shi, na yanka da almakashi na lanƙwasa a kan katako. Shasi da bututun roba na ruwa da na gasa na miƙar. Sifirin kuwa falle-falle na yanko daga gwangwani na jera su kamar na gaske. Gilashin gaba yana kwantawa a kan bonet yadda na asali yake yi. Har gatari da shebur ɗin da ake ratayewa a gefen direba na ƙera, tankin mai yana ƙarƙashin kujerar direba inda ya kamata ya kasance.

Kuma ba don wasa nake yi ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya je yaƙin Bama da runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Duk wanda ya san Barikin Chindit a Zariya ko Kalapanzin da Dalet a Kaduna, daga can sunayen nan suka zo. Muna yara yana ba mu labarin ƙaramar motar da take ɗauko masu rauni a kan gadon ɗaukar majiyyaci ta hanyar da babbar mota ba ta isa ta bi ba. Motar nan nake so in ajiye a ɗakin mahaifiyata. Abin da mutumin nan ya taɓa ke nan, ba kuɗi kaɗai ba.

Taya ce ta gagare ni. Kowa ya san a wannan aiki taya ita ce matsala. Mun taso muna yanka silifa mu yi wa motar langalanga ƙafa, amma wannan ba ta ɗaukar silifa. Tayar jif ɗin 6.00-16 ce, mai zanen sanduna a kwance hagu da dama wanda bai da gaba bai da baya, kuma guda biyar nake so har da safaya, duka iri ɗaya sak, kowace santimita 7 da 'yan kai. Da hannu kana iya sassaƙa ɗaya ta yi kyau, amma biyar su fito tamkar an tsaga kara, sai da inji. Shi ne na rubuta a guruf ina tambaya ko akwai mai na'urar 3D.

Shi ya biyo ni ta inbox. Ga abin da ya fara rubuto min, kuma wallahi har yanzu ina komawa ina karantawa: "Malam, aikinka ya yi kyau. Na ga ka yi wa fuskar motar tsaga tara, ba bakwai ba. Kai ka san abin da kake yi."

Tsaga tara. Ku gaya min mutum nawa ne a ƙasar nan suka san wannan? Kusan duk wanda ya ga motata sai ya ce ai Jeep tsaga bakwai ne da ita a gaba, na yi kuskure, sai na zauna ina bayanin cewa bakwai ɗin na motocin farar hula ne da aka yi bayan yaƙi, ta soja tara ce. Shi kuwa da kansa ya faɗa kafin in buɗe baki. Bai tsaya nan ba, ya tambaye ni wane rim nake so, na farko-farko mai ƙira ɗaya ko wanda ake rabawa biyu mai noti takwas a kewaye, ban da biyar na tsakiya da suke riƙe ƙafar. Ya tambaye ni Willys nake yi ko Ford GPW, wai don Ford suna buga harafin F a kan kusoshinsu. Gaskiya ne kuma, haka abin yake: Willys sun ƙera kimanin 360,000 a Toledo, Ford sun ƙera kimanin 280,000, daga 1941 zuwa 1945, kuma Ford suna sa F ɗin nan. Ta yaya zan zargi mutumin da yake min irin wannan magana? Ni da na yi shekaru ina neman ko mutum ɗaya da zan yi hirar nan da shi? Daren nan har ƙarfe ɗaya muna hira a kan motar. Na ce masa, ɗan'uwa, ina kake duk tsawon lokacin nan?

"Kai ka san abin da kake yi." Da wannan jimlar ya shigo ni, da ita ya karɓi 85,000.

Kuma ban tura a makance ba, wannan nake so masu zagina su ji. Na ce ya turo hoto, ya turo: taya biyar a jere a kan tebur, baƙaƙe, zanen nan daidai, rim mai noti takwas. Na ce ya turo bidiyo, ya turo na na'ura tana aiki, ana jin ƙararta. Na shiga shafinsa na duba, akwai mutane a ƙasa suna cewa kaya sun iso, Allah ya saka da alheri. Na kira shi, ya ɗauka, Hausarsa garau, ya ce a Legas yake zaune amma ɗan Arewa ne. Na nemi ragi ma, daga 95,000 ya sauko 85,000, wai saboda aikin tunawa da kaka ne. Me ya rage ban yi ba? Dubu 85 ɗin na taya biyar ne da rim, da farantan roba masu kaurin milimita 1 da milimita 2, da sandunan tagulla na yin sitiyari da ƙarfen rufin tamfol, da fenti ruwan kakin soja mara sheƙi wanda na rasa a kasuwa.

Sai maganar kwalin. A'a, kafin kwalin akwai 32,000. Tsaya, kiran bidiyo ma kafin 32,000 ne. Na ce mu yi kiran bidiyo in ga shagon, ya ɗauka, fuskarsa a duhu wai an ɗauke wuta, ya ɗago wani abu zagayayye ya nuna min, kiran ya yanke. Ya rubuto cewa matsalar sabis ce. Wane ne a cikinmu ba a ɗauke masa wuta, wane ne sabis bai taɓa yanke masa kira ba? Bayan haka ne ya ce farantan roba da tagullar sun maƙale a wajen fiton kaya, sai an biya kuɗi, shi zai biya rabin nasa, ni in biya nawa, 32,000. Ya turo wata takarda mai hatimi. Lambar asusun da ya ba ni ba irin ta farko ba ce, sunan mace ne, ya ce ta ejan ɗinsa ce. A kasuwa kullum muna biya ta asusun mai POS ko na yaron shago, ba sabon abu ba ne. Na tura. 85,000 da 32,000, ya zama 117,000.

Tsakanin nan yana ta kirana da kansa, shi ya sa hankalina ya kwanta. Barka da Juma'a, ya jikin Hajiya, ya aikin mota. Har shawara ya ba ni cewa in shafa fentin share fage a kan alminiyon kafin in fesa na kaki, in ba haka ba zai ɓare. Shawara ce mai kyau, na bi ta, ta yi aiki. Wannan shi ya fi ƙona min rai. Mutumin nan ya san aikin, ko dai ya zauna ya karance shi don kawai ya yi farautar irinmu.

Na 18,500 kuɗin mota ne. Wani ne daban ya kira ni, ya ce shi direba ne, yana tasha, kayana suna hannunsa, ba za a loda ba sai an biya kuɗin kaya da na ɗan kamasho. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, har da hon. Asusu na uku, suna na uku. 18,500. Jimla 135,500.

Kuma kwali ya iso, abin da ya sa na ce muku ba ƙaramin ɓarawo ba ne. Na je tasha na karɓa, an naɗe shi da salatif ta ko'ina, da sunana da lambata. A kan teburin aikina na buɗe, yarana suna tsaye a kaina don su ga tayar da nake ta zancenta. Tsofaffin jaridu ne a cukuikuye, sai wani guntun tayil da aka sa don kwalin ya yi nauyi. A can ƙasa cikin leda, ƙafafun motar wasan yara guda huɗu, irin ta roba da ake sayarwa a bakin titi, masu rim mai ƙyalli, ɗaya ma da guntun ƙarfen da aka ɓalle ta daga jikinsa. Na ɗora ruula, santimita 5. Huɗu ma, ko biyar ɗin bai cika ba. Ba farantan roba, ba tagulla, ba fenti. Ƙaramin ya ce, Baba, su ne? Na rasa abin da zan ce wa yaron, a gabansu aka yi min wannan.

Na kira shi nan take, kuma ya ɗauka. Ya yi ta salati, wai yaron shagonsa ne ya musanya kwali da na wani mai shagon kayan wasa a Jos, nawa yana nan, in turo 12,000 a sake aikowa gobe. Na ce ko kwabo ba zan ƙara ba, ya aiko kayana ko ya dawo min da 135,500 ɗina. Ya ce haba Malam, ai mun zama 'yan'uwa. Da na sake kira, waya a kashe. WhatsApp ya toshe ni, shafin ya ɓace, lambar direban ma ba ta shiga.

Na manta ban faɗa ba, hoton tayar nan biyar, ɗan yayata ne ya sa shi a manhajar binciken hoto ya gano na wani Bature ne mai irin wannan sana'a, ya ɗora shi a intanet tun shekarun baya. An dai yanke gefen da sunansa yake. Bidiyon na'urar ma na sata ne. Masu cewa kaya sun iso kuwa, da na koma kan sikirinshot ɗina na duba sunayensu, duk shafuka ne marasa hoto, kuma salon rubutunsu ɗaya. Amma a lokacin wa zai zauna yana tantance salon rubutun masu godiya, bayan mutum ya gama lissafa maka notin rim?

Dubu 135 da ɗari biyar. Kuɗin da na yi ta tarawa a gefe, ban taɓa na cefane ba, ban ci bashin kowa ba, don kada a ce abin sha'awata ya shiga haƙƙin iyali. Wanda yake cewa ai wasan yara ne na kashe wa kuɗi, ya zo ya lanƙwasa bonet ɗaya ya daidaita shi da gilashi, sannan mu yi magana. Ni ba sakarai ba ne, na bincika iya binciken da mai hankali zai yi. Allah ya isa tsakanina da shi da duk wanda ya ba shi aron asusu, ban yafe ba.

Ku dai kada ku biya kafin kaya. Ku ce ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da kayan tare da ruula, ya ɗauka a kiran bidiyo da rana. Asusu ya canja suna, ku tsaya. Sanin mota ba shaidar yana da kaya ba ne.

An gaya min ya sake buɗe wani shafin, yanzu farfelar jirgi da ƙananan injinan batir yake talla, da hotuna masu kyau irin na da. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya turo min rasidinsa ta inbox, ana so a haɗa asusun da ya yi amfani da su wuri ɗaya a ƙarar da na kai. In kuma akwai mai na'urar 3D na gaskiya a Zariya ko Kaduna ko Kano wanda zan je shagonsa da ƙafata in tsaya a kansa, ya yi min magana, taya biyar nake nema.