Matakalar katako ta 1933, da sauran abin da na gani a bakin ruwan Antwerp

Assalamu alaikum mutanen gida, musamman 'yan majalisarmu ta Jekadafari da ke ƙorafin cewa tun da na zo Beljiyam ba ni da labari sai na sanyi. To yau ga wani daban.

Antwerp gari ne da kogin Scheldt ya ratsa, kuma duk tsawon tsakiyar garin babu gada ko ɗaya a kan kogin, don kada a tare wa jiragen ruwa hanya. Ni ina zaune a arewacin gari, wajen aikina yana ƙetare. Ranar da zan fara zuwa, wani ɗan Gana da muke gida ɗaya ya ce in hau kekena in nufi wani ɗan fili da ake kira Sint-Jansvliet, zan ga gini na jan bulo mai ɗan rawaya-rawaya, in shiga da keken. Na ce in shiga gini da keke? Ya ce kai dai je ka gani.

Ina shiga sai ga matakala mai tafiya da kanta, irin wadda ake gani a manyan kantunan Abuja, sai dai wannan ta katako ce. Wajen taka ƙafa katako, gefe da gefe katako, ya sha hannun mutane har ya yi sulɓi. Tana tafiya tana ƙwaram-ƙwaram kamar injin niƙan unguwa idan an rage masa wuta, ga warin giris na tasowa daga ƙasa. Na tsaya riƙe da keke ina lissafin yadda za mu kwashe da ita. Sai ga wata tsohuwa da ta isa ta yi jika da ni, ta karkatar da tayar gaba, ta damƙe birki, ta hau abinta ko kallona ba ta yi ba. Na yi bisimilla na bi bayanta. Ka gama hawa ɗaya ka juya ka kama na biyu, har sai ka sauka ƙasa mita 31. Daga nan hanya ce miƙaƙƙiya sambal mai tsawon mita 572, bango duk farin tayil, iska mai sanyi na kaɗawa, kogi na bisa kanka. Ba tikiti, ba mai karɓar kuɗi a ƙofa, ba wanda ya ce yallaɓai a ba mu na goro.

Da na fita a ɗaya ɓangaren na tambaya, aka ce a 1933 aka buɗe ramin, kuma matakalar nan ita ce ta asali. Wallahi ranar ban yi aiki da cikakken hankalina ba. Matakalar nan ta girmi Baba. Tana da shekara 27 Najeriya ta samu 'yancin kai, tana da shekara 30 jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe a 1963, ta haura 60 kafin a ba mu jiha a 1996. Sojojin Jamus sun lalata ɓangaren ƙetare a 1944 lokacin da suke janyewa, aka gyara aka ci gaba da hawa.

Kada wani ya ɗauka ba ta lalacewa. Tana lalacewa, ita da lif ɗin da ke gefenta, kuma idan haka ta faru mutanen garin nan sai su cika jarida da ƙorafi har ka tausaya wa masu mulki. Akwai safiyar da na tarar an tsayar da ɓangare guda, an sa shinge. Wani ma'aikaci mai furfura ya durƙusa yana kwance katakan ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma bi da bi, kowane ya sa masa lamba da alli. Abokin aikinsa yana cikin rami, kansa kawai ake gani, yana goge haƙoran ƙarfe da buroshi. Ba mai ɗaukar hoto, ba allon da ke ɗauke da fuskar wani mai girma. A bakin ƙofa an manna takarda cewa wanda ba zai iya jira ba ya bi jirgin fito da ke kusa da tsohuwar ganuwar Steen, shi ma kyauta ne. Bayan 'yan kwanaki na dawo na tarar tana ƙwaram-ƙwaram ɗinta.

Tun daga lokacin duk sanda na hau ta sai tashar jirgin ƙasa ta Gombe ta faɗo mini a rai, yadda na bar ta zuwana gida na ƙarshe. Ba sai na ba ku labari ba, kuna wucewa ta nan kullum. Haka rijiyar burtsatsen bayan gidanmu, wadda aka yi taro da kujeru da rumfa ranar buɗe ta, da famfon ya tsaya aka rasa wanda zai haɗa kuɗin roba. Haka fitilun kan titi da ake wayar gari an kwance musu batir. Gwamnati na da nata laifin, ban wanke ta ba, amma ba gwamnati ce ke fitowa da daddare da bokitin shara ta juye a kwalbati ba, sannan damina ta zo ruwa ya ci gidajen mutane a bakin kwari a ce ƙaddara. Mu ne muka ce da tsohuwar zuma ake magani, amma waɗanda ba su taɓa jin karin maganar ba su ke aiki da ita.

Unguwar da ke kusa da mu, Eilandje, duk haka take. Nan ce tsohuwar tashar jiragen ruwa. Kogin nan yana da ɗabi'ar da mutumin Gombe bai saba gani ba: sau biyu a yini yake cika ya janye, bambancin ya kai mita 5, alhali teku tana da nisan kusan kilomita 80. Shi ya sa aka haƙa tafkuna a gefe aka yi musu ƙofofi, jirgi ya shiga a rufe, ruwa ya tsaya cak a sauke kaya a tsanake. Napoleon na Faransa ne ya sa aka haƙa biyun farko, aka buɗe ɗaya a 1811, ɗayan a 1813. Da jirage suka yi girma sai tashar ta yi ta matsawa arewa har ta dangana da iyakar Holan, yanzu a duk Turai ta Rotterdam kaɗai ta fi ta. Unguwar ta zama kango na wani lokaci, amma ba su rushe ta ba. Wani ƙaton sito mai suna Sint-Felix, da aka gina wajajen 1860 don ajiye hatsi da taba da gahawa, yanzu shi ne ma'ajiyar tsofaffin takardun birni. Tsohon ofishin 'yan kwana-kwana kuwa sun bar shi yadda yake, suka ɗora masa wani gini na gilashi a ka a 2016, zanen Zaha Hadid, haifaffiyar Iraƙi, nan ne hedikwatar tashar. Ni dai ban ga kyansa ba, amma su suna alfahari da shi. Tsofaffin injinan ɗaga kaya da suka daina aiki an jera su a bakin kogi ana yi musu fenti. Akwai kuma gidan tarihi na MAS, na jan dutsen Indiya, tsayinsa mita 60, an buɗe shi a 2011. Shiga ɗakunan kallo da kuɗi, hawa rufinsa kyauta, daga can kana hango kwantenoni har inda idonka ya ƙare.

Wuri ɗaya ne a unguwar ya sa jikina ya yi sanyi, ginin kamfanin jiragen Red Star Line. Tsakanin 1873 da 1934 mutum kusan miliyan 2 suka bi ta hannunsu zuwa Amurka da Kanada, yawancinsu talakawan gabashin Turai. A nan ake yi musu wanka, a turara kayansu, likita ya buɗe musu ido ya duba, wanda aka samu da ciwo a mayar da shi. Ashe su ma sun yi ci-rani, sun sha layi da wulaƙanci. Sannan kada sha'awar gine-ginen ta rufe wa mutum ido: ta wannan tashar ce roba da hauren giwa na Kwango suke shigowa zamanin Sarki Leopold na Biyu, daga 1885 zuwa 1908, kuma kowa ya san da jinin wa aka tara su.

To amma fa mutanen da ke durƙusawa su sa wa katako lamba da alli, ka kai musu naka kayan ka ga ikon Allah. Tayar kekena ta baya ta yi faci, na tura shi wani shagon kekuna a unguwarmu. Saurayin da ke ciki ya tambaye ni ko an ba ni rana. Na ce rana ta me, faci ne fa. Ya duba kwamfuta ya ce sai mako mai zuwa, kuma su ba sa faci, sabo suke sawa, ga kuɗin kaya ga kuɗin aiki na awa. Abin da ya lissafa ya kusa rabin kuɗin da na sayi keken. Na ce to ara mini abin kwance taya in yi da kaina a nan waje. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce nan shago ne. A gaban mutane fa. Na juya ina tura keke cikin yayyafi, ina tuna mai facin da ke gindin dogon yaro a hanyar Tashar Dukku, wanda kafin ka gama gaisawa da mai rake ya tsoma tub a ruwa ya gano hujin, ya manne, ya buga iska, in ba ka da canji ya ce ka kawo gobe. Allah Ya yi wa wannan bawan Allah albarka, ban san darajarsa ba sai yanzu.

Haka komai yake. Takalminka ya ɓalle, kuɗin gyara ya fi na sabo. Waya ta fashe, a ce ka sayi wata. Na'urar ɗumama ɗaki ta mutu mana a tsakiyar hunturu, mai gyara ya ba mu rana sai ka ce ganin likitan ƙashi, muka yi ta kwana da riga uku-uku. Ran Lahadi yawancin kantuna a rufe, wanda bai yi cefane ran Asabar ba ya sha ruwa ya kwanta, ko ya je shagon dare ya biya ninki. Shara ma sai a jakar da birni ke sayarwa, kowane iri da launin jakarsa da ranar fitarwarsa. Ga gadojin unguwar da ake ɗagawa: kana sauri, ƙararrawa ta kaɗa, sanda ta sauko, titi ya miƙe tsaye, motoci da kekuna su yi cirko-cirko saboda wani attajiri zai wuce da ɗan jirgin shaƙatawarsa. Ba mai hon, ba mai zagi. Ni kaɗai nake tsaki.

Abinci kuwa, nama na halal ba wahala, mahautan Maroko da Turkiyya sun cika titin Handelstraat. Wajen De Coninckplein akwai shagunan 'yan Afirka, za ka samu doya da kuɓewa da manja, amma doya ɗaya sai ka juya ta ka ajiye ka sake ɗauka kafin zuciyarka ta yarda. Kuka da daddawa sai an yi sa'a. Fura da nono babu labari. Masu cewa za su aiko mini da kilishi kada ku soma, an hana shigo da nama Turai a jaka, a filin jirgi za a karɓe. Abin da ya fi damuna ma ba ci ba ne. Ka fito da yamma bakin tafkin, benci reras, fitilu na haskawa, wuri tsaf, amma ba mai shayi, ba tabarma, ba kiran salla, ba wanda zai ce maka an wuni lafiya.

Saura maganar mota, tunda kusan duk wanda ya kira ni da ita yake rufewa, har da Yaya. Eh, motocin Beljiyam da kuke gani a wajen dillalai da yawansu ta bakin ruwan nan suka fita. Dalilin da ke sa a rabu da su shi ne, mota in ta kai shekara 4 dole a riƙa kai ta ana duba lafiyarta a kai a kai, gyara kuma kun ji tsadarsa. Sannan tun Fabrairun 2017 Antwerp ta hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga tsakiyar gari, kyamara ce ke karanta lamba, takardar tara ta iske ka a gida. Sai mai ita ya sayar, dillalan unguwar Heyvaert da ke Brussels su tattara, a kawo nan a tuƙa su cikin jirgi ta baya, sai Kwatano ko Legas. Motar da aka ce ba ta cancanci numfashin mutanen Antwerp ba ita ce za a yi wa addu'a a ƙofar gida a Tumfure, bakanike ya riƙe ta shekara goma sha tana tafiya.

Amma ba a kan titi ake tsintar su ba. Akwai kuɗin motar, da na ɗaukar ta zuwa tasha, da na jirgi, da na kwastan a Legas wanda da yawa ke mancewa, tunda a farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, ga kuma na direban da zai kawo ta Gombe, duk a kan canjin yuro na yau. Cikin tashar ma ba a shiga sai da kati, ni kaina daga bayan shingen waya nake hango su a jere. Yaya, Allah Ya ba ka haƙuri, na ji saƙonka. Idan kuɗin sun cika har da na kwastan ka sanar da ni, in nemi hutun wata Asabar in hau jirgin ƙasa zuwa Brussels in duba maka.