Tsohuwar kujerar rubutu ta Faransa: salon Louis XV ko na Louis XVI?

Kujerar zamanin Sarki Louis XV, wanda ya mulki Faransa daga 1715 zuwa 1774, da wuya ka ga miƙaƙƙen layi a jikinta. Ƙafafunta lanƙwasassu ne, kuma sau da yawa ɗaya tana gaba a tsakiya, mai rubutu ya sa ta tsakanin ƙafafunsa ya matso jikin tebur sosai. Majinginarta gajeriya ce, a zagaye, ta rungume ƙugu. Mazaunin galibi saƙa ce, a ɗora mata matashin fata.

Ta zamanin Louis XVI kuwa ƙafafu a miƙe suke, da tsagi daga sama har ƙasa. Georges Jacob, wanda ƙungiyar kafintocin Paris ta ba shi matsayin gwani a 1765, ya yi suna a wannan salo, wasu kujerun ma mazauninsu na juyawa.

Ni ta farkon ta fi kwanta mini, don a lanƙwasa hannun masassaƙi yake fitowa. Amma kowacce za ka saya, kifa ta ka nemi sunan kafinta da aka buga a katakon ƙarƙashi, kamar yadda dokar ƙungiyar ta wajabta. Ka kula, ana buga na jabu.