Farin gam ko bindigar gam? Ki ji ta bakin wadda ta ƙona yatsa

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin tambaye ni wanne za ki saya tsakanin farin gam da bindigar gam, wadda ake jonawa a wuta ta narkar da gam. To, in dai adon bangon guntayen takarda za ki yi, ki sayi farin gam kawai, sauran duk hira ce.

Ni Top Bond nake amfani da shi tun da na fara wannan harkar, irin wanda kafintoci ke haɗa katako da shi ɗin nan, kuma abin da ya sa na riƙe shi gam-gam wani dagin Arewa ne da na yi wa autarmu lokacin bikinta. Mun je karɓo katin gayyata wajen mai bugawa sai na hango tarin gefe-gefen da injin yanka ya zubar, dogaye sirara, ruwan gwal da ruwan madara da wani kore mai duhu, wai shara za a kai. Na ce dan Allah a zuba min a leda, yaron shagon har yana min dariya. Sati biyu na yi ina nannaɗe su a jikin tsinken sakace ɗaya bayan ɗaya, da daddare in yara sun yi barci, in ɗiga gam kamar ƙwayar gero a bakin kowanne in jera a kan kwalin firij da na lulluɓe da baƙar takarda. Ranar jere da aka rataye shi a falonta a Tumfure, Goggo ta tsaya ta ƙura masa ido ta ce wai wannan daga Dubai aka kawo? Da aka ce mata ni na yi da sharar kati sai da ta kai hannu ta taɓa. Damina uku hunturu uku kenan, wallahi ko ɗaya bai ɓalle ba.

Kin ga shi farin gam ruwa ne a cikinsa, yana ratsa jikin takardar ya kama ta, in ya bushe kuma farin ya tafi ya koma garai-garai kamar ba a sa komai ba, ko kin ɗan yi ɓarna ba mai ganewa. Sannan yana ba ki lokaci, in kin ɗora fure ya karkace kina da 'yan mintuna ki gyara abinki kafin ya kama. Laifinsa ɗaya, in kika labta shi da yawa a takarda marar kauri, irin ta fotokwafi mai giram 80, sai ta jiƙe ta tattare kamar fatar tsohuwa, kuma ba ta komawa daidai. Don haka kaɗan-kaɗan, da tsinke ko ɗan ƙaramin burushi. In shimfiɗa guntaye za ki yi ba naɗi ba, ki ɗora leda a kai ki danne da manyan littattafai ya kwana, ki ba shi awa 24 kafin ki rataye, in watan Agusta ne ma ki ƙara masa kwana don iskar da laima take. Da hunturu kuma akasin haka, kina buɗe robar sama ya fara yin fata, sai ki ɗiba kaɗan a murfin kwalba ki rufe sauran. In kin gama duka, ki sirka ɗan gam da ruwa kaɗan ki shafe saman aikin da burushi, yana sa ƙyalli kuma ƙurar hunturu ba ta maƙalewa sosai, tsumma busasshe ya ishe ki gogewa.

Bindiga kam, to, tana da sauri, wannan ba zan hana ta ba, in manyan furanni masu kauri ne ko duwatsun ado za ki manna ta fi. Iyakarta kenan a wajena. Na saya don na ga ana ta yi da ita a bidiyo, ranar farko narkakken gam ya ɗigo min a yatsa, zafinsa ya wuce digiri 100 kuma maƙalewa yake ba ya gangarewa kamar ruwa, sai da wurin ya tashi. Ga zare-zare kamar yanar gizo a duk jikin aikin, ga tudu a ƙarƙashin takarda, kuma kina tsakiyar aiki a ɗauke wuta shikenan kin zauna. Abin da ya ƙarasa fitar min da ita a rai, furannin da na manna na rataye a bangon da rana ke duka da yamma, zafin Maris da Afrilun nan namu na Gombe da ke kai digiri 40 yana shigowa suka fara saki, kullum in na yi shara sai na tsinci ɗaya.

Na san wata za ta ce ki dama fulawa ko sitaci ai kyauta ne. Yana kamawa kam, amma abinci kika shafa wa kyankyasai da gara a bango.

Sai kuma maganar masu sayarwa, ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Akwai masu sayen babban bokiti su ɗura a ƙananan robobi, wasunsu tsakani da Allah suke yi, wasu kuma sai sun tsula ruwa sun kaɗa. An taɓa yi min, na kai gida na ga abu tsululu kamar kokon da bai ji gasara ba. Ki sayi mai rufaffen murfi da tambarinsa, in dole sai na awo to ki tsoma tsinke ki ɗaga, mai kyau yana riƙe tsinken ya sauko a hankali, in kin ga ruwa ya kwanta a sama ko yana warin tsami ki ajiye masa kayansa. In kuma kin nace sai bindigar, kar ki bar shagon sai an jona ta a wuta kin ga ta narkar da gam da idonki, kuma ki duba kyandir ɗin, wato sandar gam ɗin da ake zura mata, akwai siriri mai milimita 7 akwai mai kauri 11, sai a haɗa ki da wanda ba ya shiga bindigarki in kin dawo a ce ba a karɓar kaya. Masu tallan wata takarda ta musamman a Facebook su ma ki bar su da abinsu, duk wani mai buga katin biki da kalanda yana da guntayen da zai ba ki kyauta ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ki dai riƙa dubawa kafin ki sa almakashi, tsofaffin kalandu da jaridu sau da yawa akwai aya ko sunan Allah a jiki, waɗannan ki ware su gefe.

Ƙaramar roba ɗaya ta ishe ki firam biyu ko uku in ba ki da hannun ɓarna. Bindigar tawa tana nan a durowa da sauran kyandir huɗu, in kin shigo Pantami ki biyo ki ɗauka, ki gwada kafin ki kashe kuɗinki.