Haɗa takarda ko ginin sojojin yumɓu: wanne ya fi dacewa da yaran firamare?

Wata malama ta tambaya a zaure: tana da yara 30 'yan shekara 8 zuwa 10, an ba ta darasi biyu na awa ɗaya ɗaya, tana so su taɓa tarihin tsohuwar ƙasar Sin da hannunsu, amma ta rasa na zaɓa tsakanin haɗa takarda da gina sojojin yumɓu irin waɗanda aka tono a Sin. Malama, da wannan lokacin da kike da shi, ki ɗauki takarda.

Labarin da takarda ke ɗauke da shi gajere ne, yaro zai riƙe shi. Kafin ta, mutanen Sin suna rubutu a kan tsagin gora da ake ɗaurewa da zare, mai nauyin ɗauka, ko a kan alharini mai tsada. A shekarar 105 Miladiyya, zamanin daular Han, wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace, zaren tsiro, tsummokara da tsofaffin ragar kamun kifi. An tono guntayen takarda da suka girme shi, don haka a faɗa wa yara cewa ya inganta aikin ne ya kai shi fada.

Kayan aikin duk suna kusa: tsofaffin takardun rubutu, turmi da taɓarya, baho biyar, tsummokaran auduga, soso, da firam na katako mai faɗin santimita 15 da tsawon 20 da aka ɗame da ragar sauro. Yara shida a kan kowane baho. A yayyaga takardun ƙanana, a jiƙa su su kwana, a kirɓa har su yi laushi, a zuba cikin hannu biyu a lita huɗu na ruwa a dama har ya yi kamar koko tsararo. Yaro ya nutsa firam a karkace, ya miƙar da shi a cikin ruwa, ya ɗago a hankali yana ɗan girgizawa, ya kife a kan tsumma, ya danna bayan ragar da soso har ruwan ya ragu, sannan ya ɗaga.

Idan takardar ta fito kamar kwali, ɓarzar ta yi yawa, a ƙara ruwa. Ramuka na nufin ba a dama ba kafin a nutsa, domin zaren yana kwantawa ƙasan baho cikin minti ɗaya. Idan ta maƙale wa raga ta yage, ba a tsane ta sosai ba. Tawada kuwa za ta baje a kanta sai an sa babban cokali ɗaya na dafaffen sitaci a kowane baho. Kada a yi amfani da jarida, launin toka take bayarwa. Akwai kuma gaskiyar da ya kamata yara su sani: sake sarrafa tsohuwar takarda ba shi ne aikin Cai Lun ba. Don a kusanci nasa, babban mutum ya dafa zaren rama a ruwan toka na 'yan awanni, ya ɗauraye, ya kirɓa, a zuba shi a ɗaya daga cikin baho biyar ɗin don su kwatanta ƙarfin takardun biyu. Takardar kan bushe cikin kwana ɗaya, sai darasi na biyu ya zama na rubuta alamun rubutun Sin masu sauƙi, irin na dutse, rana da mutum.

Sojojin yumɓu sun fi ɗaukar hankali, wannan babu musu. Sarki Qin Shi Huang na daular Qin ya haɗe ƙasar Sin a shekarar 221 kafin Miladiyya, ya mutu a 210, aka binne kusa da kabarinsa sojojin yumɓu da aka ƙiyasta sun kai 8,000, masu girman mutum. Manoma masu haƙa rijiya kusa da birnin Xi'an ne suka ci karo da su a 1974. Abin koyo a nan shi ne rabon aiki: ƙafafu cike, gangar jiki mai rami, kai an yi shi daban an dasa, magina kuma sun bar tambarinsu a jiki. Ana iya raba aji haka, wasu ƙafafu, wasu kawuna.

Matsalar lokaci ce. Soja mai tsawon santimita 12 yana cin yumɓu kusan giram 300, kuma yana bukatar kwana biyar zuwa bakwai a inuwa kafin a taɓa shi da fenti. Aka shanya a rana ko iskar hunturu ta buge shi, waje ya riga ciki bushewa, ya tsage. Kawuna suna faɗuwa idan ba a kakkarce mahaɗar an shafa ruwan laka ba. Ƙafafu sirara ba sa ɗaukar jiki, shi ya sa ake dasa su a kan faffaɗan gindi. Gasawa kuwa aikin masu ginin tukwane ne, ɗanye ya shiga wuta fashewa zai yi.

Sannan a tuntuɓi iyaye tukuna, domin da yawa ba za su yarda 'ya'yansu su gina siffar mutum ba, kuma haƙƙinsu ne. Daular Qin tana da abin da zai maye gurbi: kuɗin ƙarfe zagayayye mai huda mai kusurwa huɗu a tsakiya, wanda sarkin ya sa aka yi amfani da shi a duk ƙasar, kamar yadda ya daidaita rubutu da ma'auni. A murza yumɓu kaurin rabin santimita, a yanka da bakin ƙaramin kofi, a huda da wuƙar roba. Yana bushewa cikin kwana biyu, sai a zura su a zare, yara su ga amfanin hudar da idonsu. Idan makaranta ta ƙara miki darasi na uku, Malama, wannan za ki sa a ciki.