Kwalin mayen ƙarfe da na sayo wa ɗiyata daga Yamai

Ɗiyata ta dawo daga lakkwal tana haddace darasin maganaɗisu kamar karatun allo, ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba. Shi ya sa da na je Yamai na sayo wani ƙaramin kwali a Babbar Kasuwa, jika huɗu: sanduna biyu masu ja da shuɗi, ɗaya mai siffar kofaton doki, kamfas, da wasu ƴan ƙwallaye masu sheƙi. Wata biyu ke nan muna amfani da shi a gida nan Tawa.

Sandunan sun biya kuɗinsu. Ranar farko ta kara ja da ja suka ƙi haɗuwa, tana turawa suna zamewa gefe. Ta juya ɗaya, sai ƙas, suka manne. Daga nan ta bi gida tana gwaji. Ƙusa da allura sun kama, tukunyar alminiyom da wayar tagulla ko gezau. A nan ta gane ba kowane ƙarfe maganaɗisu yake ja ba, sai baƙin ƙarfe da irin su nikel da kobalt.

Abin da ya fi burge ni, na roƙo garin ƙarfe wurin wani mai walda, muka barbaɗa a kan takarda, sanda na ƙasa. Na ɗan ƙwanƙwasa takardar, sai garin ya jeru layi-layi, yana lanƙwasa daga wannan baki zuwa wancan, ya yi cunkus a bakunan biyu inda ƙarfin ya fi yawa. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, ashe dama yana nan, ido ne ba ya gani." Da ƙanenta ya karya sanda ɗaya ma ba mu yi asara ba, don kowane gutsure ya zama mai baki biyu, arewa da kudu.

Kamfas ɗin kam bai yi ba. Allurarsa na maƙalewa, sai an girgiza kafin ta nuna arewa, alhali da shi na so nuna mata cewa duniya kanta babban maganaɗisu ce. Takardar bayani kuma babu Faransanci.

Ƙwallayen maganaɗisu ne na wani ƙarfe da ake kira neyodimiyom, ƙarfinsu ya wuce girmansu. In yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Na kulle su a akwati tun daren farko, kuma mai ƙananan yara in zai saya ya fara da cire su.