Wasiƙa daga Greensboro: kafin in aiko maka da injin wanki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙanina, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka gai da Baffa da sauran mutanen gida.

Saƙonka ya same ni. Ka ce tunda kana ganin hotunan gidajen da nake wankewa a nan Greensboro, jihar Karolaina ta Arewa, in saya maka inji irin nawa in sako a kwantena, kai ma ka kafa sana'ar a Kano. Ban ƙi ta taka ba, na ma ji daɗi da kake neman abin yi da hannunka. Sai dai ina so ka san abin da ke riƙe da wannan sana'a a nan kafin mu zuba kuɗi a ƙarfe. Na rubuta a fili ne saboda ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambaya ba.

Gidajen nan ba irin namu ba ne. Yawancinsu da katako ake kafa su, sai a lulluɓe bangon waje da fallayen roba ko jan bulo. Rufin ma ba kwano ba ne, fallayen kwalta ne masu 'yar tsakuwa a kai. Ruwan sama ba ya jiran damina, kowane wata yana sauka, kuma daga Yuni zuwa Satumba iska takan yi laima har zufa ta ƙi bushewa a jiki. Bangon da ke kallon arewa, wanda rana ba ta cika dukansa ba, cikin shekara ɗaya ko biyu sai ya yi kore shar da gansakuka, rufi kuma ya yi baƙaƙen zane-zane. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu bishiyoyi suna zubar da wani gari rawaya da ke rufe mota da baranda. Ga jar ƙasar yankin, wadda ruwa ke fantsama ta a gindin bango ta kama kamar lalle.

Ban da wannan, unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje, kuma duk wanda ya sayi gida a ciki ya shiga ƙarƙashin dokokinta. In bangonka ya yi kore, wasiƙa za ta zo. In ka yi biris, tara ta biyo baya. Da yawa daga masu kirana wasiƙar ce a hannunsu, wasu kuma gida za su sa a kasuwa suna so ya fito a hoto. Yanayi da doka su suka haifa mini mai saye. A Kano ƙura ce matsalar, mai gida yana da yaro da tsintsiya da bokiti, kuma babu mai cin sa tara don katangarsa ta dushe.

Injin kansa ba abin mamaki ba ne. Nawa kan Honda GX390 ne mai ƙarfin doki 13, ɗan'uwan wanda ka sani a jikin janareto, haɗe da famfo ƙirar Italiya da bel ke juyawa. Lamba biyu ake dubawa: ƙarfin matsi, wanda suke aunawa da PSI, da yawan ruwan da yake fitarwa a minti. Nawa yana kai 4,000, yana fitar da galan 4, kusan lita 15 ke nan. Sabon shiga ƙarfin yake bi, wanda ya daɗe kuwa yawan ruwa yake nema, domin ruwa ne ke kore datti, shi ya sa manyan sana'ar ke aiki da mai galan 8. To, yi lissafi da kanka. Lita 15 a minti ya kama lita 900 a sa'a guda, jarka 36 masu lita 25, kusan kura uku ta 'yan garuwa. A nan ina isa gida sai in ɗaura tiyo a famfon da ke jikin bango, ruwa ya zo da ƙarfinsa, safe ko yamma, mai gida ya biya a bil ɗinsa ba tare da ya ce uffan ba. Wannan famfon bango ya fi injina daraja a sana'ar, kuma shi ne ba zan iya sako maka a kwantena ba. Injin da ya sha iska babu isasshen ruwa, famfonsa ba ya daɗewa.

Akwai abin da hoto ba ya nuna maka. Bangon roba da rufi ba da ƙarfi ake wanke su ba. In ka ɗora musu 4,000, ruwa zai kutsa bayan robar ya jiƙa katakon ciki, a rufi kuma ya kwashe tsakuwar da ke kare kwaltar. Sinadarin kulorin ne ke aikin, irin wanda ke cikin Hypo da Jik, amma namu mai kashi 12.5 cikin ɗari ne, ya ninka na kanti ƙarfi. Ana tsarma shi zuwa kusan kashi 1 don bango, kashi 3 ko 4 don rufi, a haɗa da ɗan sabulu, a fesa a hankali, a bar shi kamar minti goma, a ɗauraye. Furannin mai gida sai an jiƙa su sharkaf kafin a fara da bayan an gama, in ba haka ba su ƙone, kuma Ba'amurke yana iya yafe maka komai ban da furanninsa. Ƙarfi sai a siminti, a nan ma da wani faifai ake aiki, mai bakin feshi biyu da ke juyawa a ƙarƙashinsa, don kada a bar zane. Kawunan feshin launi-launi ne: rawaya, kore, fari, kowanne da faɗin feshinsa, baƙi na sabulu. Jan kuwa tsinin ruwa ne zalla, yana huda takalmi ya shiga nama. Nawa yana ajiye, ba na barin kowa ya taɓa.

Inda gwaninta da riba suke shi ne katako. Gidaje da yawa suna da dandamalin katako a baya inda iyali ke zama su gasa nama, da shingen katako kewaye da fili. Yawanci katakon wata bishiya ne mai suna fayin da aka dura wa maganin tagulla a masana'anta, shi ya sa sabonsa ke da ɗan kore-kore. Har zuwa ƙarshen 2003 maganin da ake dura wa katakon gidaje yana da gubar asenik, don haka tsohon dandamali ba a ƙona ragowarsa, kuma ba a goge shi sai da takunkumi. Masu hali suna sayen katakon bishiyar sida, ko wani katako mai nauyi da tauri daga Brazil da ake kira ipe. Ko wanne ne, rana tana mai da shi toka-toka, ruwa yana tsattsaga shi.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Da farko a jiƙa shi da garin wanki mai kumfar oksijin, in kuwa akwai tsohon shafi da ya ƙi fita sai a sa soda, irin ta masu haɗa sabulu. A ɗauraye da ƙarfin da bai wuce 1,000 ba, ana bin tsawon katakon, hannu ba ya tsayawa a tsakiyar falle, domin inda ka tsaya nan alama za ta zauna har abada. Soda tana baƙanta katako, sai a bi shi da wani ruwan asid mai sauƙi da ke kashe kaifinta ya dawo da hasken itacen. Daga nan sai jira, kwana biyu ko uku, har ma'aunin danshi mai allura biyu ya nuna ƙasa da kashi 15. Wanda ya shafa mai a kan jiƙaƙƙen katako don yana sauri, kafin shekara ta zagayo zai ga aikinsa yana ɓarewa. A goge da samfefa, a buga ƙusoshin da suka ɗago, sannan a duba hasashen yanayi, don ana so a samu kwana ɗaya ko biyu babu ruwa, zafi kuma tsakanin digiri 10 da 32. Ni na fi yarda da man da ke shigewa cikin itace a kan wanda ke kwanciya a sama ya yi fata. Mai fatar ya fi ƙyalli ranar farko, amma ranar da ya fara ɓawo sai an kankare shi duka, kuma mai gida ne zai biya wahalar. Nakan faɗa musu haka ko da sun so ɗayan. Bayan shekara biyu ko uku dandamali yana neman sabon shafi, kuma wanda ka yi wa aiki da gaskiya shi zai sake kiranka. Tsummokaran da suka sha man ba a tara su a mota, suna iya kama wuta da kansu, sai a shanya su ɗai-ɗai ko a tsoma su a ruwa.

Duk lokacin da nake wannan aiki ina tuna magabatanmu, masu zaɓen azarar giginya don gara ba ta cika cinta ba, masu yaɓe bango da makuba kafin damina. Sanin kare gini daga ruwa da rana ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma yau a Kano katangarmu bulo ce, ƙofarmu ƙarfe, ɗan katakon rufi kuma kafinta ya shafa masa baƙin mai ya rufe. Wannan rabin sana'ar, mai tsoka, ba shi da kasuwa a gida.

Batun kaya da shaguna, dole in yaba musu. A Home Depot ko Lowe's farashi a rubuce yake, babu tayi babu albarka. Ka riƙe rasit, in kaya bai yi ba ka mayar a cikin wa'adinsu a ba ka kuɗinka. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne a ciki. Ƙaramar robar famfo in ta mutu, in saya a intanet, kwana biyu ko uku tana bakin ƙofa, kuma ba na kwana da fargabar jabu ce. Wannan kam ina yi wa gida fatansa.

Amma a gyara, mun fi su nesa ba kusa ba. Makanike a nan da sa'a yake lissafi, har kuɗin duba ƙaramin inji ya kusa kuɗin sabo, shi ya sa za ka ga injuna a bakin titi an fitar da su shara, alhali kabureta ce kawai ta toshe. Fetur ɗinsu na yau da kullum yana da kashi 10 na sinadarin etanol, in ya daɗe a tanki yana jawo wannan toshewar. A lokacin aiki kuma sai ka kai inji ya yi makonni yana jiran layi. Mai gyaran janareto na bakin titinmu zai kwance kaburetar, ya wanke, ya hura, ya yanka sabon gasket da almakashi, ya tayar maka kana tsaye. Abin da na gani a wurin irin waɗannan mutane tun ina yaro shi nake gyara kayana da shi yau, kuma ina ganin ba mu ba su girman da ya kamace su.

Takardu kuma suna cin nasu. Rajistar ƙaramin kamfani a jihar nan dala 125 ce, sai dala 200 kowace shekara. Mai sana'ar kansa yana biyan kashi 15.3 na ribarsa a asusun fansho da lafiyar tsofaffi, ban da harajin kuɗin shiga. Inshora ta dala miliyan 1 ita ce abin da kamfanoni ke fara tambaya kafin su bar ka ka taɓa gininsu, in ma'aikatanka sun kai uku kuma dole ka yi musu inshorar rauni. Ruwan wanki mai sinadari ba a sakinsa a magudanar titi, domin kai tsaye take zubawa a rafi, kuma dokar tsabtar ruwa ta 1972 tana nan da haƙoranta. Gidan da aka gina kafin 1978 ana ɗauka fentinsa na iya samun gubar dalma, shi ma da ƙa'idarsa. Kowane aiki sai na rubuta farashi da abin da zan yi, na ɗauki hoton duk wata tsaga kafin in fara. Matsakaicin gida nakan karɓi dala 250 zuwa 400, kuma na san in ka juya shi zuwa naira zai yi maka daɗin ji. Cire fetur da sinadari da inshora da haraji da kuɗin mai taimako, wanda shi ma da sa'a ake biyansa, babu yaron shago mai koyo kamar a gida. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da yawa a garin nan, cikinsu nake samun masu kama mini aiki in ya yi yawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu waya takan yi shiru, sai a dura wa famfo maganin daskarewa don kada ƙanƙara ta fasa shi, a ci abin da aka tara.

Ga shawarata. Kada ka nemi bangon gidaje. Nemi masu faɗin ƙasa kuma masu burtsatse: gidajen mai, otal-otal, ɗakunan taron biki, harabar manyan masallatai, gidajen da aka shimfiɗa wa intalok a Nasarawa, masu manyan motoci. In an kira ka wankin farantan sola bayan hazo, karɓa, amma da buroshi mai laushi da ruwa mai tsabta, kada ka kusance su da inji. Injin kuwa a can za mu saya, irin wanda makanikan Kano ke da kayan gyaransa. Na lantarkin nan ba zai yi maka ba, wutarsu 120 ce tamu 230, na fetur kuma kafin ya fita daga hannun kwastan kuɗinsa ya tashi.

Abin da zan aiko shi ne abin da ke wuyar samu mai kyau a can: faifan siminti, kawunan feshi, doguwar tiyo mai jure matsi, robobin famfo, da tabarau na kare ido. Kai kuma ka shiga Sabon Gari ka ɗauko mini hoton farantin da ke jikin famfon kowane inji, inda aka rubuta litar da yake fitarwa a minti, tare da farashinsa. Sannan ka zaga wasu gidajen mai da otal, ka tambayi manaja nawa suke kashewa a wankin harabarsu a wata, da ko za su bar ka ka ja ruwa daga tankinsu. In ka turo mini waɗannan, sai mu san girman injin da za mu saya.

Wassalam, yayanka.